Gubar dalma a ƙauyukan Zamfara: waɗanda suka gani da idonsu

Mai buɗe zance: Salamu alaikum. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Don Allah wanda yake can a lokacin ya faɗa mana abin da ya gani.

Wata uwa daga Dareta: Wa alaikumus salam. Agwagi munka fara ganin suna mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, sai jijjiga, idanu su kakkafe. Wasu sunka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu sunka ce iska ce, anka yi ta turare da rubutu. Alhali a tsakar gida muke dakan dutsen zinariya mai ɗauke da dalma, mu shanya garin kusa da inda ake girki, yara na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Ni biyu na rasa.

Tsohon mai haƙa: Allah ya sa masu ceto ne, Hajiya. Amma masu cewa jahilci ne kawai ba su san ƙauye ba. Gero ba ya kai mu wata damina, zinariya kuma ta yi tsada a lokacin. Buhun dutse ɗaya, in an dace, ya fi abin da gona ke ba ka nesa ba kusa ba. Injin niƙan hatsi muke zuba dutsen, ƙura ta turnuƙe, ka koma gida da rigar nan ka ɗauki ɗanka.

Ma'aikacin lafiya: Na yi aiki a wajen. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara gano abin. Wahalar ita ce maganin fitar da dalma ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ke da gubar, dole sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. Bagega, wani ƙauye a yankin Anka, ba a share ta ba sai 2013, yaranta suna zaune cikin guba duk tsawon jiran.

Malamin firamare: Waɗanda suka rayu fa? Akwai su a ajina. Ka koya wa yaro abu yau, gobe kamar bai taɓa ji ba, iyaye kuma su ce daƙiƙi ne.

Mutumin Rafi: Mu ma a jihar Neja ya same mu a 2015, yara 28 suka rasu. Labarin Zamfara bai iso mana ba sai da muka fara binnewa.

Tsohon mai haƙa: Malam, an hana haƙa a 2019, amma gonar ma ɓarayin daji sun hana zuwa. Ƙanena yana rami har yau, sai dai yanzu a can yake wanka ya bar rigar aiki kafin ya shigo gida.