Neman shawara: Ana kwashe zane-zanena ana yanke sa hannuna

Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mai zane ce, nakan yi zanena da hannu a takarda, in ɗauki hotonsa da waya, in gyara launi, sannan in ɗora a Instagram da Facebook. A 'yan kwanakin nan na lura wani shafi mai mabiya da yawa yana kwashe aikina, yana yanke gefen ƙasa inda nake sa hannu, yana wallafawa tamkar nasa, har na ga ɗaya daga cikin zanen a jikin wani talla. Na aika wa mai shafin saƙo cikin ladabi, ya karanta bai amsa ba. Tunda ban taɓa yi wa aikina rajista ba, shin ina da haƙƙin da zan nema, ko kuwa in haƙura in daina ɗorawa?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Rashin rajista bai raba ki da haƙƙinki ba. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka amince da ita, haƙƙin mallaka yana tabbata tun lokacin da aka ƙirƙiri aiki, ba sai an cika wata takarda ba. Ɗora hoto a Instagram ma bai mayar da shi mallakar kamfanin ba, izinin amfani da shi kika ba su, zanen yana nan naki. Abin da za ki riƙe da kyau shi ne hujja. Ki adana takardar asali, ki kuma riƙa ɗaukar hoton aikin tun yana zanen fensir har ya kammala, domin wanda ya sata yana da hoton ƙarshe ne kawai. Hoton da ke cikin wayarki kuma yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi da samfurin wayar, bayanan da dandalin ke cirewa daga kwafin da jama'a ke saukewa.

Amsa ta biyu:

Malama, kada ki sake ɓata lokaci wajen yi masa saƙo. Facebook da Instagram suna da fom na musamman na ƙorafin haƙƙin mallaka, wanda ya sha bamban da maɓallin ƙorafi na yau da kullum, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Amurka mai suna DMCA ta 1998 ce ta sa kamfanoni irin waɗannan suke gaggawar cire abin da mai shi ya kai musu ƙorafin an sata. Kafin ki cika shi, ki ɗauki hoton allon shafin nasa, ki kwafi adireshin kowane rubutu, domin yana iya gogewa da zarar ya ji motsi. Sai dai ki sani, kamfanin yakan miƙa sunanki da imel ɗinki ga wanda kika yi ƙara, saboda haka ki yi amfani da imel na aiki. Shafin da aka yi ta samu da wannan laifi ana iya rufe shi gaba ɗaya.

Amsa ta uku:

Ƙanwata, sa hannu a gefe shi ne ya sauƙaƙa masa. Ki sa shi a cikin zanen, misali a naɗin tufa ko jikin bango, inda yanke shi zai lalata hoton. Ki ɗora ƙaramin kwafi, babban ki ajiye, kuma lokaci-lokaci ki bincika hotunanki da Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya bayyana a intanet.

Amsa ta huɗu:

Na yarda da Yaya a kan ƙaramin kwafi, amma ina jan hankali kada a wuce gona da iri, domin na sha ganin zane mai kyau an lulluɓe shi da tambari har ba a gane abin da aka zana, alhali manhajojin yanzu suna goge tambari cikin daƙiƙoƙi. Idan ba ki ƙi a yaɗa aikinki ba muddin an ambaci sunanki, ki duba lasisin Creative Commons, wato izinin da mai aiki ke bai wa jama'a na amfani da aikinsa bisa sharuɗɗa, akwai wanda ya sharɗanta ambaton mai aiki ya kuma hana kasuwanci da shi. Batun tallan kuwa daban ne, tunda an nemi kuɗi da guminki. Ki rubuta wa mai kayan da aka tallata kai tsaye, domin mai yiwuwa bai san an sato zanen ba, idan ya yi biris sai ki nemi lauya, saboda hanyar neman diyya ta danganta da dokar ƙasar da kike.