Muhawara: abinci ne ke naɗa sarauniyar zuma?

Baba Mai Amya: Jama'a, ɗana ya dawo hutu daga jami'a yana cewa wai sarauniyar zuma da ma'aikatanta daga ƙwai iri ɗaya suke, abinci ne kawai ya raba su. Shekara talatin ina ɗora amya, ban yarda ba. Sarauniya takan yi shekaru, ma'aikaciya kuwa lokacin aiki mako shida ta mutu. Abinci ne zai yi wannan?

Malama Binta: Baba, yaronka bai yi ƙarya ba. Tsutsar da aka ci gaba da ɗura wa farin ruwan nan mai kauri da ma'aikata ke fitarwa daga jikinsu takan fito sarauniya a kwana 16, 'yar'uwarta ma'aikaciya sai kwana 21. Ga yadda abinci zai iya yin hakan: zaren DNA, mai ɗauke da bayanan gado, nannaɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a kwarkwaro. In aka liƙa musu sinadarin asetil sai naɗin ya saki, ƙwayar halittar da ke wurin ta fara aiki. A 2011 aka nuna cewa 10-HDA, wani sinadarin farin ruwan nan, yana hana cire asetil ɗin.

Auwalu: Malama, a yi hattara. A ƙwayoyin jiki cikin ɗakin gwaji aka ga hakan, ba a amya ba. A 2011 ɗin nan wani Bajapane, Masaki Kamakura, ya ce furotin guda a cikin ruwan, royalaktin, shi ke naɗa sarauniya. A 2016 masana a Jamus suka maimaita gwajin, abin bai fito ba.

Malama Binta: To tururuwa fa? Ɗakin gwajin Shelley Berger a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka ya yi wa manyan sojojin wata tururuwar Fulorida allurar maganin da ke ƙara asetil a ƙwaƙwalwa. Sai ga sojoji sun fita neman abinci, aikin da ƙanana suka saba yi.

Auwalu: Hali ya canza, jiki bai canza ba, kuma sai a sababbin ƙyanƙyashewa yake kamawa. Wasu a Jami'ar Ilinoi ta Amurka ma a 2015 suka ce a duba abin da ba a ba sarauniya: wani sinadarin zuma da garin fure da ke daƙile gaɓar yin ƙwai ta ma'aikata.

Baba Mai Amya: Ni dai abin da na gani da idona: in sarauniya ta mutu, ma'aikata sukan gina wa wata ƙaramar tsutsa dogon ɗaki mai kama da kwanson gyaɗa, yana reto a jikin saƙa. Kada dai ku gaya wa yaron nan na faɗi haka.