VM ɗina na faɗuwa duk dare wajen ƙarfe biyu, sauran ukun lafiya lau

mai_sabar_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku taimaka, abin nan ya hana ni barci. Ina da saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, mai RAM 32 GiB, da Proxmox a kai, manhajar da ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayo (VM) a cikin na'ura guda. Tun yana 7.4 na girka shi a kan ZFS, tsarin ajiyar fayiloli a faifai, daga baya na ɗaga shi zuwa 8. VM huɗu ke ciki. Babban, mai lamba 103, Ubuntu 22.04 ne da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, shi ke riƙe da lissafin kayan wani kantin magani da nake yi wa aiki. Na ba shi RAM 16 GiB, mafi ƙaranci 4 GiB.

Kwana biyar ke nan, duk safiya in na duba `uptime` sai in ga ya sake tashi tsakanin ƙarfe biyu da biyu da rabi na dare. `journalctl -k -b -1` bai nuna komai ba, rubutun ya yanke ne kawai kamar an zare masa wuta. Kuma ba NEPA ba ce, don uwar na'urar tana kan inbata, ta yi kwana arba'in ba ta mutu ba. Mai kantin ya fara yi mini wani irin kallo.

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Ni dai RAM ɗin nake zargi, balle in na hannu ka saya. Sa memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana yana zagaye, ka gani.

hajiya_root:
Baban Ummi, da sandar RAM ce ta lalace ai ba za ta riƙa duba agogo ba, kuma ba za ta zaɓi VM ɗaya ta bar uku ba. Malam mai saba, me ke gudana ƙarfe biyu? Na ci amana in ba bakof ba ne, wato kwafe bayanai don ajiya.

Kafin komai a rarrabe abu biyu. Duba `dmesg` na mai masauki, wato Proxmox ɗin kansa. In ka ga ya kashe wani aiki mai suna kvm saboda ƙarancin RAM, to daga waje aka shaƙe baƙon, wato VM ɗin, kuma da safe a kashe za ka tarar da shi. Naka kuwa yana tashi da kansa, don haka na fi zaton kanel ɗin cikinsa, wato zuciyar tsarin aikinsa, ne ke faɗuwa. Kanel ɗin da ya faɗi ba ya samun damar rubuta wasiyya a faifai, shi ya sa ka ga wayam. Don ka kama saƙon ƙarshe na kanel daga waje, yi `qm set 103 -serial0 socket`, ƙara `console=ttyS0` a GRUB na baƙon, ka kashe shi ka kunna, sannan ka bar `qm terminal 103` a buɗe cikin tmux ka je ka kwanta.

mai_sabar_Fagge:
Hajiya kin canka, bakof ne ƙarfe biyu daidai. Mai masauki bai kashe komai ba. Ga abin da na tarar da asuba. An maimaita wannan layin sau da yawa:

`virtio_balloon: Out of puff! Can't get 1 pages`

daga ƙarshe kuma:

`Kernel panic - not syncing: Out of memory: system-wide panic_on_oom is enabled`

To ni abin da ya ɗaure mini kai, ta yaya mai 16 GiB zai ce RAM ya ƙare masa? Da rana ko takwas ba ya ci.

hajiya_root:
Ai ba shi da 16 a lokacin. Tunda ka sa mafi ƙaranci 4, ka kunna balan-balan ke nan. Wani direba ne a cikin baƙon, in mai masauki ya matsu sai ya ce masa ya kumbura, ya kwashe shafukan RAM, wato ƙananan gutsattsarin da ake raba shi, ya miƙa waje. Proxmox yana fara karɓe abinsa ne idan amfanin RAM na uwar na'urar ya wuce kashi 80 cikin ɗari, a wajenka wajen 25.6 GiB.

Wa ya kai ta can da tsakar dare? ZFS. Ma'ajiyarsa ta wucin gadi, ARC, a Proxmox 8 tana iya cinye rabin RAM in ba a ɗaure ta ba, 16 GiB a taka. Daga 8.1 ne Proxmox ya fara iyakance ta zuwa kashi 10, amma ga sabon girki kawai. Kai da ka taso daga 7.4 tsohon tsarin ka gada. Bakof na karanta faifan VM huɗu, ARC ta cika tumbi, a wuce 80, sai a juyo kan 103 tunda shi ne mai tazarar 12 GiB tsakanin sama da ƙasa. Layin farko da ka manno balan-balan ne ke cewa numfashinsa ya ƙare, babu sauran shafin da zai ɗauka.

Amma duk da haka bai kamata ya mutu murus ba. Turo mana abin da ke cikin `/etc/sysctl.conf` da `grep Huge /proc/meminfo`.

mai_sabar_Fagge:
Kunya ta kama ni. Bara na kwafo wasu layuka daga wani darasi na gyaran PostgreSQL, ban ma tuna da su ba:

`vm.nr_hugepages = 2048`
`vm.panic_on_oom = 1`
`kernel.panic = 10`

hajiya_root:
To ga ɓarawon. Layin farko ya ware manyan shafuka (hugepages) 2048, kowanne 2 MiB, 4 GiB cif ke nan da aka keɓe gefe. Balan-balan ba ya iya taɓa su, sauran ayyuka ma haka. Ƙasan da ka sa kuma 4 GiB ne. Ka ga in aka matse shi zuwa can, kanel da sshd da kowa sifili za su raba. Ga shi kanel yana riƙe da bayanin kowane shafi na dukan 16 GiB ɗin, bayit 64 kan kowane 4 KiB, kimanin 256 MiB, ko an karɓe shafukan ko ba a karɓe ba. Layi na biyu ya ce in RAM ya ƙare kada a kashe aiki ɗaya, a rushe gidan gaba ɗaya. Na uku ya tashe shi bayan daƙiƙa goma, shi ya ɓoye maka gawar.

Ni a VM mai rumbun bayanai ba na wasa da balan-balan. `qm set 103 -balloon 0 -memory 10240`, ka ba shi goma tsayayyu tunda ka ce bai kai takwas ba. Don ɗaure ARC a 4 GiB, sai ka rubuta `options zfs zfs_arc_max=4294967296` a `/etc/modprobe.d/zfs.conf`, ka yi `update-initramfs -u -k all`, ka sake kunna uwar.

Baban_Ummi:
Na janye batun memtest. Amma Hajiya, panic_on_oom ɗin nan ba shirme ba ne ko'ina. Inda ake da saba biyu masu karɓar juna, gara ɗaya ta faɗi da sauri ɗayar ta ɗauka, da ta tsaya rabi a raye.

hajiya_root:
Gaskiya ne Malam, amma mutumin namu saba ɗaya tilo gare shi. Wa zai karɓa? Ya mayar da panic_on_oom ɗin 0.

mai_sabar_Fagge:
Na yi duka ranar Juma'a bayan an rufe kanti. Yau Talata, dare huɗu bakof na wucewa, `uptime` bai yanke ba, uwar kuma ba ta haura 24 GiB. Allah ya saka da alheri Hajiya, Baban Ummi na gode. Manyan shafukan na bar su tukuna, don `HugePages_Free` ya nuna fiye da rabi ba a taɓa su ba, ina so in daidaita su da `shared_buffers` na PostgreSQL kafin in rage.