Neman kalma: katakon zama na waje da abin da ke manne masa

Malamin sana'a, Ringim: Assalamu alaikum. Jibi zan karantar da yara masu koyon kafinta, takardar kuma da Turanci take. Abu biyu sun tsaya mini: "deck", wato katakon da Turawa ke shimfiɗawa a bayan gida, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa, ba rufi, sai "sticky residue" da ake gogewa a kansa. A taimaka.

Kafinta, Wudil: Wa alaikumus salam. Baranda mana, Malam.

Malama, Kazaure: Baranda tana da rufi. Dakali kuma na ƙasa ne ko siminti, a ƙofar gida. Ni dai dandamalin katako.

Ɗalibin Hausa, Dutse: Ya yi tsawo. Na haɗa dandamali da katako, ya ba ni DANDAKO. Gajere ne, ga daɗin faɗa.

Dattijo manomi, Gumel: Ku bar katakon tukuna, na biyun ne mai wuya. Malam, me ya zubo a kai? In daga jikin itace ne, kamar dakwara, ƙaro ne, nan Jigawa har sayar da shi muke yi. In kuwa ƙananan ƙwarin nan ne masu tsotson ganye suke zubo da ruwa mai zaƙi, sunansa darɓa, wadda ke kama dawa. Ku duba bencin da ke ƙarƙashin mangwaro lokacin fure: ka ɗora hannu ya manne, tururuwa ta yi layi, kwana kaɗan ya yi baƙi.

Malamin sana'a: Baba, takardar ta ambaci duka, har da wanda katakon kansa ke fitarwa in rana ta gasa shi.

Kafinta: Wannan na katakon fain ne, itacen da Turawa ke ce wa "pine", da shi aka fi yin dandamalin a Amurka. Kada ka ce masa ƙaro, Malam, za ka ɓatar da yaran. Ƙaronmu da darɓa ruwan ɗumi da sabulu suna narka su, ka bi da burushi ta yadda zaren katakon ya kwanta. Na fain ruwa ba ya cin sa. Sai ka ɗora ƙanƙara ya daskare, ka kankare da roba, kada ka sa wuƙa, sannan ka goge saura da sifirit ko ɗan tina. Ka fara gwadawa a lungu, tina tana cin fenti.

Ɗalibin Hausa: Sifirit, tina, burushi, fenti! Ina Hausar take? Shi ya sa ake raina mu. Na ƙirƙiro dandako ba wanda ya ko kalla.

Malama: Ɗana, sabulun ma daga Larabci muka aro shi, ba wanda ya raina mu a kansa. Yaron da aka aika kasuwar Maigatari ya ce tina za a ba shi. Dandako kuwa sai an tsaya yi masa bayani.

Ɗalibin Hausa: Da a Kano aka ƙirƙiro ta, ko a BBC aka ji ta, da tuni kun karɓa. Abin Jigawa ne ba ya daraja.

Kafinta: Wa ya kawo zancen Kano? Kafin 1991 ai jiha ɗaya muke.

Dattijo manomi: Ku yi haƙuri, mutum na jiran amsa. Danƙo ya tattara su duka. Yauƙi na kuɓewa ne, maiƙo na mai, ba su shiga nan ba.

Malama: Danƙo ma roba yake kawo wa wasu a rai, amma ba ni da wadda ta fi ta.

Malamin sana'a: Na gode, Allah ya saka. Zan rubuta "goge danƙo daga dandamalin katako", a ciki in raba: darɓa, ƙaro, da danƙon fain, kowanne da maganinsa.

Ɗalibin Hausa: To. Ni dai a rubutuna dandako zan ci gaba da sawa. Ko sau ɗaya ka faɗa wa yaran, Malam, ka ji abin da za su ce.