Neman shawara kan ƙarar da injin Hilux ɗina yake yi

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar a-kori-kura, Toyota Hilux mai injin dizal na 3L, lita 2.8, wadda nake ɗaukar buhunan masara da ita daga ƙauye zuwa kasuwa. Kimanin wata biyu ke nan injin yana wata ƙara, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga ƙaramar guduma a kan ƙarfe. Da safe, idan injin yana da sanyi, ƙarar tana da ƙarfi. Idan ya ɗauki zafi sai ta ragu, amma tana dawowa da zarar na hau tudu da kaya.

Na canza baƙin mai da matatarsa, an kuma wanke nozul guda huɗu, duk da haka babu abin da ya sauya. Fitilar baƙin mai ba ta kamawa, ruwan lagireto ba ya raguwa, sai dai akwai ɗan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa.

Wani bakanike ya ce tazarar bawul ce, wani kuma ya ce fistin ne ya sake, dole a sauke injin, kuma ban yarda in kashe wannan kuɗi bisa zato ba. Wane gwaji ne zai bambance su kafin a kwance injin? Kuma akwai haɗari idan na ci gaba da lodi da ita?