Harbin Billy Dixon: gwaninta ko sa'a?

Habu: Jama'a, ni fa labarin nan bai shige ni ba. Wai a 1874, a Adobe Walls ta jihar Texas, wani maharbin ɓauna, Billy Dixon, ya kayar da mahayin doki daga yadi 1,538 da bindigar Sharps mai albarushi. Kusan kilomita ɗaya da rabi ke nan! Bindigar tokar Babanmu ko taku ɗari ba ta riƙe saiti.

Injiniya Kabiru: Malam Habu, kada ka haɗa su. Ta Baba ta baki ake ɗura ta, cikin bututunta sumul yake. Sharps ta baya ake loda ta da harsashi mai kwanson tagulla, kuma bututun yana da zane mai murɗa dalma tana tafiya tana juyawa. A shekarar nan dai, a Creedmoor kusa da New York, Amurkawa suka ci 'yan Ireland a gasar harbi da maki 934 da 931, ana harbi daga yadi 800, 900 da 1,000.

Habu: To, 1,000 ka ce. Sauran ɗari biyar ɗin fa?

Alhaji Musa: Bari in sa baki, tunda ni nake zuwa filin harbi a nan Amurka da bindigar albarushi mai cin harsashin da ake kira .45-70. Isa kam tana isa. Sojojinsu sun gwada irin wannan harsashi a Sandy Hook ta jihar New Jersey a 1879, ya wuce yadi 3,000. Matsalar ita ce dalmar tana da nauyi, ba ta da sauri, sai ta yi baka kamar jifan dutse. Mu ƙarfe mai siffar tunkiya muke kayarwa daga mita 500, mun san nisan, muna kwance, bindiga na kan sanduna, amma iska kaɗan ta kaɗa sai ka ga ƙura ta tashi a gefe. Ga tokar albarushi da ke daskarewa a bututu. In ba ka hura mata iskar baki ta tiyo ko ka goge ba, harbi na biyar ba zai bi na farko ba.

Injiniya Kabiru: Ashe ka goyi bayana, Alhaji.

Alhaji Musa: Rabi dai. A nisan Dixon, harsashi zai yi sama da sakan huɗu a iska. Doki ya matsa taku biyu, shi ke nan. Kuma gungun mahaya ne a kan tudu, ba mutum ɗaya ba. Shi kansa bai musa cewa akwai sa'a a ciki ba.

Habu: Yauwa! Abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya Kabiru: A'a, cewa ka yi ba ta kaiwa. Kuma da kai aka miƙa wa bindigar, da sa'ar ta fāɗa a wata unguwar.

Habu: Alhaji, in ka koma filin ka gwada mana yadi 1,538 ɗin.

Alhaji Musa: Namu iyakarsa 1,000, kuma kafaɗata ba ta huce daga harbin Asabar ba tukuna.