Tsadar siminti a Sakkwato: laifin jari-hujja ne?

Tambaya: Malamai, ga masana'antar siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, ga farar ƙasa a ƙofarmu, amma buhun siminti ya gagari talaka. Ko gara gurguzu?

Amsa: Ɗan'uwa, gasa ce babu. Tun 2002 gwamnati ta taƙaita shigo da siminti, sai ga mai gina masana'anta a gida. Yau Dangote, BUA da Lafarge ke riƙe da kusan duk kasuwar. In masu sayarwa uku ne, wa zai karya farashi?

Amsa: Malam, kamfanin gwamnati kuwa in inji ya tsaya, sai an jira sa hannun Abuja. Gara hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye (FCCPC) ta binciki farashin bakin masana'anta da ribar diloli.

Amsa: A tuna, tandar gasa siminti na buƙatar zafin digiri 1,450 a ma'aunin Celsius, kayan gyara kuma da dala ake sayowa.